Lahadi ta Bakwai a Curitiba

Wata biyar ke nan da muka baro Recife
da katifa biyu, da tukunyar Mama,
da Littafi Mai Tsarki wanda iskar teku ta cinye bangonsa.
Kamfanin motoci ya kira Osmar, asibiti ya kira ni,
muka sauka a garin da sanyi ke ratsa ƙashi,
mutanensa suna gaisuwa da gira.

Can gida cocinmu rufin kwano ne.
In ruwa ya kece, Fasto Genival sai ya rufe littafi,
mu yi ta waƙa har sama ta gaji.
Kujerata ce ta uku daga taga, kowa ya sani.
A nan ba ni da kujera.

Lahadi ta farko, gini kamar filin jirgi,
fitilu, ganguna, allo ya fi bangon ɗakinmu faɗi.
Tainá ta matse hannuna: Mama, nan!
Ni kuwa na fito babu wanda ya tambayi sunana,
sai takarda aka miƙo min, wai lambar waya.

Ta biyu ina bakin aiki.
Sujadata ranar ita ce juya wani tsoho a gado
kada bayansa ya yi gyambo.

Ta uku muka sami ƙarama, benci na katako,
waƙoƙin da na sani tun ina goye.
Har zuciyata ta fara kwance kaya,
sai mai wa'azi ya ce duk mai aiki ranar Ubangiji
ya sayar da ransa don albashi.
Na dubi takalmina farare.
Ban koma ba.

Osmar ya ce Allah bai ƙaura ba, mu ne muka ƙaura,
ya san adireshin, a bar shi ya yi barci,
Lahadi kaɗai ce bayansa yake nasa.
Ban ba shi amsa ba. Na san nauyin ƙarfen da yake ɗagawa.

Mama a waya, kullum tambaya ɗaya: Kun samu?
Muna nema, Mama.
To, mai nema na tare da samu.
Sai ta yi shiru, ina jin zakaran maƙwabta a bayanta.

Wata Talata na tashi daga aikin dare,
idona kamar an zuba yashi.
Dona Halina, mai goge benen hawa na huɗu,
ta ja ni da hannun riga, ba ta ce komai ba.
Ɗaki ne a saman shagon taya.
Mutum goma sha ɗaya: masu gadi, mai gasa burodi,
direban bas da bai cire rigar aiki ba.
Muryoyinsu ba su haɗu ba ko sau ɗaya.
Aka ce mu rufe ido mu yi addu'a,
na rufe.

Da na farka rana ta kai tsakiyar taga.
Rigar sanyin wani tana kafaɗata,
kofi na tururi kusa da ƙafata.
Babu wanda ya tashe ni.
Mai burodi ya ce, Valdirene, ko?
Ashe sun karanta a ƙirjina.

Na sauko matakala ina kuka, ina jin warin roba.

Amma Talata da safe Tainá na aji,
Osmar na ƙarƙashin mota.
Na sami kujera ɗaya, mu kuwa uku ne.

Yau Lahadi ta bakwai.
Takardar na nan manne a firji, sunaye huɗu ban soke ba.
Tainá ta riga ta sa takalmi.
Osmar ya juya, ya buɗe ido ɗaya,
ya ce, wannan ɗin bas nawa ne?
Na ce biyu.
Ya daɗe yana kallon silin.
Sannan ya ce, miƙo min wandona.